Ja Ɗigon Ka Gani: Yabon GeoGebra Daga Jiga Makera ta Ƙasar Aliero

Ina son GeoGebra, kuma gara in faɗa tun da wuri, don kada mai karatu ya zaci zai ga sharhin wanda ya tsaya tsakiya yana auna alheri da aibi. Ni malamin lissafi ne a ƙasar Aliero, kuma tun da na fara riƙe alli ban taɓa samun kayan aikin da ya faranta mini rai kamar wannan manhaja ba. Duk malamin da Allah Ya haɗa mu da shi, a tashar Jega ne ko wurin ɗaurin aure a Maiyama, in dai akwai babbar waya a aljihunsa, ba ma rabuwa sai na tura masa ita.

Ga wanda bai san ta ba, manhaja ce ta koyon lissafi da ake sakawa a waya ko kwamfuta. Wani ɗan ƙasar Ostiriya, Markus Hohenwarter, shi ya fara haɗa ta a 2001 a matsayin aikin digirinsa na biyu a Jami'ar Salzburg. Daga baya ya zama farfesa a Jami'ar Johannes Kepler da ke Linz, manhajar kuwa ta bazu a makarantun duniya, aka fassara ta zuwa harsuna masu yawa, har da Larabci da Faransanci. Malami ko ɗalibi ba ya biyan ko sisi. In ka sauke ta sau ɗaya, shi ke nan, za ka yi ta zane ba tare da data ba. Da ka buɗe za ka ga farin fili da 'yan kayan aiki: na saka ɗigo, na jan layi, na yin da'ira, na auna kusurwa da tsawo da faɗin fili. Wato dai rula da kamfas da ma'aunin kusurwar da ke cikin ɗan gwangwanin kayan lissafin yaranmu. Sai dai akwai abu guda da ya raba ta da takarda da fensir, kuma saboda shi nake wannan rubutu: zanen da ka yi a GeoGebra yana riƙe da yadda aka gina shi.

Kafin in bayyana wannan, bari mu tuna yadda lissafin siffofi yake a yawancin azuzuwanmu. Malam zai zana alwatika guda a allo, gindinta a ƙasa, kanta a sama. Zai rubuta ƙa'ida a gefe. Yara su kwafa, su haddace, kuma yaranmu gwanayen hadda ne, masha Allah. Ranar jarrabawar WAEC ko NECO sai a kawo wannan alwatikar a kishingiɗe, a cusa ta cikin da'ira, a sauya haruffan, sai yaro ya zuba mata ido kamar bai taɓa ganinta ba. Wasu malamai biyu 'yan ƙasar Holan, miji da mata, Pierre van Hiele da Dina van Hiele-Geldof, sun yi bayanin dalilin haka tun a 1957. Yaro yakan fara sanin siffa ne da kamanninta kawai. Sai daga baya ya san halayenta, sannan ya gane yadda wani hali ke haifar da wani, sannan ya iya kafa hujja. In malami yana magana a hawa na huɗu, yaro kuwa yana tsaye a hawa na ɗaya, to ko da harshe ɗaya suke yi ba za su fahimci juna ba. Na ga gaskiyar wannan a gabana. Ka karkatar da murabba'i ya tsaya a kan kusurwarsa, yara da yawa za su ce ya tashi daga murabba'i.

To ga darasin farko da nake yi da GeoGebra, kuma wallahi ban taɓa gajiya da shi ba. Nakan ce wa yara: ku yi mini murabba'i. Nan da nan za su saka ɗigo huɗu, su haɗa da layuka, su yi ta gyarawa da ɗan yatsa har ya yi kyau a ido. Su ɗago waya suna murmushi. Sai in ce wa ɗaya, to kama wancan ɗigon ka ja. Yana ja, murabba'i ya wargaje, ya koma wani abu mai karkatattun ƙafafu. Aji ya ɗauki dariya. Sai in ce, ni murabba'in da nake so shi ne wanda ko ta ina aka ja shi, zai girma, zai ƙanƙance, zai juya, amma ba zai daina zama murabba'i ba.

A nan ake fara tunani na gaske. Ba za ka iya ce wa na'ura "yi shi kamar haka" ba. Dole ka faɗa mata dalla-dalla abin da ya sa murabba'i ya zama murabba'i, kuma bi da bi. Saka ɗigo biyu, ka haɗa su. A kan na farko ka tayar da layin da ya tsaya cak a kan wancan, digiri 90. Ka kafa da'ira a kan ɗigon farko ta ratsa ta na biyu, domin ita ce za ta ɗauko maka tsawon gefen ba tare da awo ba. Inda da'irar ta haɗu da tsayayyen layin, nan ne kusurwa ta uku. Ka sake tayar da layuka biyu, mahaɗarsu ita ce ta huɗu. Yanzu ja. Kai! Ka ga fuskar yaro a wannan lokacin. Murabba'in yana bin yatsansa, yana kumbura yana tsukewa, yana juyi, amma kusurwoyinsa huɗu suna nan daram. Manhajar ma tana nuna maka bambancin da launi: ɗigon da kake da ikon ja shuɗi ne, wanda kuwa aka haife shi daga wasu yana da duhu, ba ya jawuwa, sai dai ya bi iyayensa. Yaron da ya gane dalilin da ya sa ɗigo na huɗu ya ƙi jawuwa ya riga ya taka hawa na uku na su van Hiele, ba tare da an karanta masa ƙa'ida ko ɗaya ba.

Wannan shi ne abin da masana ke nufi da tunani irin na mai tsara wa kwamfuta aiki. Jeannette Wing, wadda a lokacin take Jami'ar Carnegie Mellon a Amurka, ita ta yayata batun da wata gajeriyar maƙala a 2006, inda ta nuna cewa wannan salon tunani bai kamata a bar wa masana kwamfuta su kaɗai ba, kowane yaro yana buƙatarsa kamar karatu da rubutu da ƙirga. Kafin ita akwai Seymour Papert, haifaffen Afirka ta Kudu, wanda tare da abokan aikinsa suka fito da harshen Logo a 1967, kuma ya rubuta littafi a kan haka a 1980. Ra'ayinsa shi ne yaro ne ya kamata ya riƙa ba kwamfuta umarni, ba kwamfuta ta riƙa ba yaro ba. Abin da ake nema a wurin yaro shi ne ya iya farfasa babbar matsala gunduwa-gunduwa, ya lura da abin da ke maimaituwa, ya ajiye abin da bai shafi tambaya ba, ya jera matakai yadda wani zai bi ya isa inda ya isa. In abu ya ƙi, ya koma baya ya nemo matakin da ya kauce, maimakon ya yage takarda ya ce shi ba shi da kan lissafi.

Wannan na ƙarshen ne ya fi taɓa mini zuciya. A GeoGebra ta kwamfuta akwai wani shafi da ke rubuta duk matakin da ka ɗauka, ɗaya bayan ɗaya, kuma kana iya mayar da ginin farko ka sake kallonsa yana tashi taki-taki. Idan murabba'in wani ya rushe, ba na cewa ya faɗi. Mukan taru mu bi matakansa. Na ɗaya daidai, na biyu daidai, na uku... af, ashe a nan ya saka ɗigo da ido kusa da mahaɗar, bai ce wa manhajar ta ɗauko ainihin mahaɗar ba. A gyara mataki ɗaya, ginin duka ya miƙe. Yaran da a da in sun yi kuskure suke rufe littafi da hannu, yanzu su ke kira: "Malam, zo ka ga inda nawa ya lalace." Wane malami ne zai ji wannan bai gode wa Allah ba?

Da ƙananan aji nakan haɗa da Scratch, manhajar da cibiyar MIT ta Amurka ta fitar a 2007, wadda jikar Logo ce, kuma akwai Hausa a jerin harsunanta. A can yaro yana jera umarni kamar tubali: yi gaba taki 100, juya digiri 90. Ya rubuta haka sau huɗu ya sami murabba'i, har wani mai wayo ya ce ai gara a ce "maimaita sau 4". Sai in ce su yi alwatika mai gefe uku daidai. Kowa ya san kusurwarta 60 ce, don haka kowa zai sa juyi na 60, sai ga zanen ya buɗe baki ya ƙi rufewa. Nakan fitar da yaro guda tsakar makaranta, a shata alwatika a ƙasa, ya bi ta da ƙafa. Yana isa kwana zai ji a jikinsa cewa juyin da ya yi ya fi 60 nesa ba kusa ba. 120 ne. Daga nan su da kansu suke gano cewa duk wanda ya zagaya siffa ya dawo yana fuskantar inda ya fara, ya juya 360 cif, sai a raba da yawan gefuna: 72 ga mai gefe biyar, 60 ga mai shida, 10 ga mai 36, wanda ido ba ya raba shi da da'ira. Ƙa'idar kusurwoyin waje ke nan da ake haddacewa a babbar sakandare, ga ta ta fito daga ƙafar ɗan ƙaramar sakandare.

Amma inda GeoGebra ta gama sace ni shi ne ranar da muka saka taswirar ƙasarmu a cikinta, domin tana karɓar hoto ka yi zane a kansa. Muka ɗiga Jega, muka ɗiga Aliero, muka ɗiga Maiyama. Tambayar ita ce: a ce za a gina babban asibiti guda domin garuruwan nan uku, a ina za a sa shi har nisansa da kowane gari ya zama ɗaya? Kowa ya nuna tsakiyar alwatikar. Na ce a'a, mu farfasa. Ku manta da Maiyama tukuna. Ina ne wuraren da nisansu da Jega da Aliero yake ɗaya? Suka yi ta gwadawa har suka ga ba wuri ɗaya ba ne, layi ne guda, wanda ya raba hanyar garuruwan biyu a tsaka ya tsaya cak a kanta. Haka aka yi wa Jega da Maiyama. Mahaɗar layukan biyu ita ce amsa. To, Aliero tana arewa maso gabas da Jega, Maiyama kuwa tana kudu, saboda haka kusurwar da ke kan Jega a wangale take, ta wuce 90. Sai ga mahaɗar ta faɗa can waje da alwatikar gaba ɗaya, nesa da kowa. Aji ya yi tsit, sannan ya kaure da gardama. Wani ya ce manhajar ta yi kuskure. Muka kafa da'ira a kan wannan ɗigon, ta bi ta kan garuruwan uku ba ta bar ko ɗaya ba. Muka kama Jega muka ja ta baya, kusurwar tana tsukewa, ɗigon yana matsowa, tana cika 90 ya hau kan layin Aliero da Maiyama daidai tsakiya, tana raguwa ya shige ciki. Abin da zai ci mini zane goma a allo, sun gan shi da jan yatsa guda.

Sai wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, to mi ne amfanin kowa ya yi tafiya iri ɗaya in dai kowa zai yi nisa?" Tambayar nan ta fi darasin da na shirya. Ashe tambayoyi biyu ne muka cakuɗa: wurin da nisansa ya zama ɗaya ga kowa daban, wurin da in aka tara tafiyar mutanen garuruwan uku za ta fi gajarta daban. Muka saka ɗigo mai yawo, muka sa manhajar ta riƙa tara nisansa da garuruwan uku, suka yi ta ja suna neman inda lambar ta fi ƙanƙanta. Wannan ita ce tambayar da Pierre de Fermat na Faransa ya jefa a ƙarni na 17, Evangelista Torricelli na Italiya ya warware. Amsarta: wurin da in ka tsaya kana hangen kowane gari biyu a kusurwar 120, sai fa in ɗaya daga kusurwoyin alwatikar ta kai 120 ko ta wuce, to sai a tsaya a kan wannan kusurwar kanta. Yaran ƙauye, a ajin da ba fanka, suna muhawara a kan ma'anar adalci ta hanyar lissafi. Ni dai ban san abin da ake nema a makaranta da ya wuce wannan ba.

Batun gona kuwa, nan ne na ga manhajar ta fita daga aji ta shiga zaure. Mu nan mutanen albasa ne, kowa ya san sunan Aliero a kasuwannin ƙasar nan da albasa, kuma awon gona abu ne da ke tasowa kullum, wajen saye, wajen haya, wajen rabon gado. Hanyar da mutane da yawa ke bi in gona mai gefe huɗu ce: a auna tsawo biyu a haɗa a raba biyu, a auna faɗi biyu a haɗa a raba biyu, a ninka. Tsohuwar hanya ce ƙwarai, an same ta a rubuce a bangon wani tsohon wurin bauta a Edfu ta ƙasar Masar tun kafin haihuwar Annabi Isa, amincin Allah ya tabbata a gare shi. Matsalarta ita ce ba ta bayar da amsa daidai sai in kusurwoyin gonar huɗu duk 90 ne. In ba haka ba kullum ƙari take yi, ba ta taɓa ragi.

Na nuna wa wani dattijo wannan a majalisa bayan la'asar. Na gina gona a waya, kowane gefe mita 50. Na ce, "Baba, nawa ke nan?" Ya ce 2,500, kuma haka manhajar ta rubuta. Na kama kusurwa na tura. Gefunan ba su sauya ba, 50 ne har yanzu, amma lambar tana sauka. A kusurwar 60 ta koma 2,165. A kusurwar 30 ta koma 1,250, rabi cur. Ya karɓi wayar da hannunsa ya yi ta turawa yana dawowa. Can ya ce, "Malam, ke nan igiya huɗu ba ta isa ba." Na ce ba ta isa ba, Baba, sai an ƙara ta biyar, daga kusurwa zuwa kusurwar da ke kallonta. Da ita gonar ta zama alwatika biyu, ita kuwa alwatika in an san gefunanta uku ba ta da wurin motsi. Dalilin ke nan da kafinta ke gicciya katako a jikin ƙyaure, mai walda ke gicciya ƙarfe a jikin ƙofa, magini kuma ke auna igiyar kwana zuwa kwana kafin ya haƙa harsashi, ko ya ɗaure igiya uku da huɗu da biyar don ya sami kwana mai kyau. Masu sana'armu sun daɗe da sanin abin a hannu. Manhajar ta ba 'ya'yansu damar ganin dalilinsa.

Malamanmu na fara'ili suna fitar da rabon kowa ba tare da kuskure ba: tumuni ga matar mamaci in ya bar 'ya'ya, namiji rabon mata biyu. Amma mayar da tumuni ya zama yanki na ƙasa mai iyaka, a gonar da ba ta miƙe ba, wannan aikin lissafin siffofi ne. Ba banza ba Al-Khwarizmi, a littafinsa na aljabara da ya rubuta a Bagadaza wajen shekarar 820, ya haɗa babin awon ƙasa da babin wasiyya da gado. Nakan ba 'yan babban aji gona mai kusurwa uku in ce su raba wa ɗa ɗaya da 'ya ɗaya. Bayan sun sha ja da gwaji sukan gano cewa in an raba gindin gida uku, aka ja layi daga kan alwatikar zuwa alamar, an gama, domin tsayin ɗaya ne, gindi ne kaɗai ke yanke hukunci. Su ja kan alwatikar duk inda suka so, kason biyu da ɗaya ba ya gushewa.

Kuma kada wani ya ce wannan salon tunani baƙo ne a wurinmu. Muhammad al-Katsinawi, malami Bafulatani daga Katsina wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, ya rubuta littafi a 1732 a kan yadda ake cika murabba'in lambobi, wanda kowane layinsa, a tsaye da a kwance da a gicciye, yake bayar da jimilla ɗaya. Ba amsoshi ya tara ba, hanyoyi ya bayar, mataki-mataki, waɗanda za su yi aiki ga mai gida uku-uku, da biyar-biyar, da abin da ya fi haka. Tun kafin shi, a ƙarni na 10, Abul Wafa al-Buzjani ya rubuta wa masu sana'a littafi a Bagadaza a kan gina siffofi da rula da kamfas. Ina faɗa wa yara waɗannan sunaye da gangan, kuma ina ganin yadda suke gyara zama.

Akwai masu cewa manhaja irin wannan tana sa yaro ya wadatu da gani ya bar hujja. Maganarsu abin dubawa ce. Gani ya kori ji, haka ne, amma a lissafi gani bai kori hujja ba. Ko ka ja ɗigo sau dubu, sau dubu ka gwada, ba ka tabbatar ba. Sai dai abin da na gani a aji akasin tsoron nasu ne. Ɗauki ƙa'idar nan da ake jingina wa Thales: layin da ya ratsa tsakiyar da'ira, in ka haɗa bakinsa biyu da kowane ɗigo a kan da'irar, kusurwar da ta fito 90 ce. In na rubuta a allo, a kwafa a wuce. In kuwa yaro ya gina da kansa, ya yi ta zagaya ɗigon, gefuna suna tsawo suna gajarta, lambar nan 90 ta kafe, sai ka ji: "Malam, wagga kusurwa ta ƙi motsi! Don mi?" To "don mi" ɗin nan ita ce ƙofar hujja, kuma a da ni ke roƙon a tambaye ta. Sai mu ja layi daga tsakiya zuwa ɗigon, alwatika biyu masu ƙafafu daidai su bayyana, kusurwoyi su faɗo biyu-biyu, rabin 180 ya fito. George Pólya, a littafinsa na 1945 kan warware matsalolin lissafi, ya sa waiwaye a matsayin mataki na ƙarshe: ka sami amsa, to koma ka duba, za ta tsaya in an sauya yanayi? Shi ne matakin da muka fi tsallakewa saboda ƙarancin lokaci. A GeoGebra jan ɗigo guda ya wadatar.

Ban ce a jefar da kamfas ba, ko kusa. A zauren jarrabawa rula da kamfas za a ba yaro ya raba kusurwa ko ya gina digiri 60, kuma hannu sai da sabo. Tsarina shi ne a gina a waya a gane dalili, sannan a koma takarda. Na lura wanda ya san abin da ya sa ake yin kowace baka ba ya ruɗewa in ya manta wani mataki, yakan sake gano shi.

Wahalhalunmu kuwa sanannu ne. Wuta sai ta ga dama, caji sai an biya, ba kowane gida ke da babbar waya ba, kuma inda take galibi ba ta hannun 'ya mace. Fuskar waya ƙarama ce, yatsa yakan saka ɗigo inda ba a nufa ba. Umarnin manhajar da Turanci muke bin sa, wanda ƙarin nauyi ne ga yaron da ke fama da Turancin tun asali. Duk da haka ban ga dalilin jira ba. Waya ɗaya tana isar yara biyar, har ma na fi son haka: ɗaya ya riƙe, sauran su faɗa masa abin da zai yi, kuma dokata ita ce mai riƙewa ba ya taɓa komai sai an ba shi umarni bayyananne. Nan za ka ji ana gyara wa juna magana. "Wane layi? Ta kan wane ɗigo?" A haka harshen lissafi ke zama a baki. Ƙungiyoyin 'yan mata nakan fara miƙa musu tawa wayar, kuma sau da yawa su ke riga kowa gamawa, domin sun fi haƙurin bin mataki.

Ina da buri a kan makwabtanmu. Ga jami'ar kimiyya da fasaha ta jiha a nan Aliero tun 2006, ga kwalejin ilimi a Argungu tana yaye malamai. Da ɗaliban lissafi da na kwamfuta za su ɗauki wannan a matsayin aikin kammala karatu, su tsara darussa da Hausa a kan fangalin albasa da rumbu da rabon gona, su zauna da dattawa da magina a daidaita sunayen siffofi, da sun yi wa ƙasar Gwandu hidimar da za a daɗe ana amfana. Misalan suna nan birjik. Igiya mai mita 40 in ka kewaye fili 15 da 5 ka sami 75, in ka yi 10 da 10 ka sami 100, in ka yi da'ira ka sami 127 da 'yan kai. Duk wanda ya ga wannan lambar tana hawa a waya zai kalli zagayayyen rumbun gidansu da wani ido.

Zangon karatu mai zuwa, in Allah Ya kai mu, ɓangaren manhajar mai nuna abu da kaurinsa zan buɗe wa 'yan aji uku na babbar sakandare, domin darasin layukan duniya da ke ba su wuya a allo. Za mu gina ƙwallon duniya mu juya shi da yatsa, mu ɗiga Jega a wajen digiri 12 arewa da 4 gabas, mu ɗiga Makka a wajen 21 arewa da 40 gabas, mu ja gajeriyar hanyar da ke bin bayan ƙwallon, mu auna kusurwar da ta yi da arewa. Lissafi yana bayar da kusan digiri 70, wato gabas ce da ta karkata arewa da kamar 20. Ba zan faɗa musu lambar ba. Su za su fito da ita, sannan mu ɗauki igiya da ma'aunin kusurwa mu shata ta a filin makaranta.